Waken Da Turai Ta Ƙi, Mu Muke Cinye Shi

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya. An yi ta samun ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos a cikinsa, daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali dokarsu ta tsaya a kan 0.01. Da farko hanin na shekara guda ne. A 2016 aka ƙara masa shekara uku, daga baya aka sake tsawaita shi.

Tun daga lokacin kukanmu ɗaya ne: an rufe mana kasuwa, mun yi asarar kuɗin waje. Da wuya ka ji mai tambayar inda waken da ba a fitar ba ya tafi. Yana cikin ƙosai da alale da ɗan wake, wanda ƙwaro ya ɓata kuma a zuba wa ragon layya.

Masu cewa Turawa sun tsaurara don kare manomansu suna da ɗan abin kamawa. Adadin 0.01 ba shi ne ma'aunin da guba ke fara kisa ba. Shi ne iyakar da suke ɗora wa duk maganin da ba su amince a yi amfani da shi a kan amfanin gona ba. To, a ɗauka sun yi tsauri. Amma 4.6 ya ninka wannan iyaka sau 460. Kuma dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya, mai saurin bin iska ne, ba ya daɗewa a gona. Idan aka tarar da shi da yawa haka a busasshen wake, alama ce ta cewa a rumbu ko a shago aka zuba shi kai tsaye. Aikinsa a jiki shi ne dagula saƙonnin jijiyoyi, kuma bai san bambancin ƙwaro da yaron da aka aika sayen ƙosai ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan ɗan kasuwa. Ƙwaro na iya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni, jarinsa ke nan. Sai dai mafita ta daɗe da samuwa: buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba. Abin da ke sa a zaɓi kwalba shi ne ta fi araha, kuma mai zubawa ya tabbata babu mai gwada buhunsa.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Mataki ne mai kyau, amma kwalba aka bi, ba a bi wake ba. Iyakar da aka rubuta a takarda ba ta kare kowa sai an auna. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, don haka bai fi ƙarfinta ba ta riƙa ɗibar samfur daga Dawanau da sauran manyan kasuwannin hatsi kowane wata, ta buga sakamakon kowa ya gani, buhun da ya wuce iyaka kuma a ƙwace shi ko da ba Turai za shi ba.