Harshen da Ke Ajiye Hujjojin da Aka Ƙi

Ɗalibin ilimin harsuna ya saba jin cewa harshe ba ya neman izinin kowa kafin ya sauya. Haka abin yake ga harsunan baka. Amma harshen kwamfuta ba ya samun sabuwar kalma sai wani ya zauna ya shigar da ita, shi ya sa yadda Python ke karɓar sabon abu ya cancanci nazarin masu sha'awar tsara harshe.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991. Tun daga 2000, duk wani babban sauyi yana bi ta takardar shawara da ake kira PEP. Mai shawarar zai bayyana matsalar da ta dame shi, da siffar abin da yake so a ƙara, da illar da zai yi wa tsofaffin manhajoji, har da yadda za a koyar da shi. Sannan akwai sashen da ya fi kowane daraja, inda ake jera dabarun da aka duba aka ajiye, tare da dalilin ajiye su. Takardar da aka ƙi ma ba a yaga ta. Tana nan da lambarta. Van Rossum kansa ya rubuta PEP 3103 a 2006 yana neman wata hanyar zaɓi tsakanin sharuɗɗa masu yawa, ba ta samu karɓuwa ba. Da batun ya dawo da sabuwar kama, aka shigar da shi Python 3.10 a 2021, tsohuwar muhawarar na nan a rubuce ga duk mai son dubawa.

Wannan ba ya nufin komai lafiya lau ake yin sa. A 2018 an yi zazzafar jayayya kan PEP 572, wadda ta kawo alamar := don a raɗa wa abu suna a tsakiyar jimla. Wasu sun ce za ta rage maimaici, wasu sun ce za ta ɓata sauƙin karatun da aka san harshen da shi. Van Rossum ya amince da ita, kuma a watan Yuli na shekarar ya sauka daga jagoranci. Daga 2019 majalisar mutum biyar ke yanke hukunci, kuma jigajigan masu raya harshen kaɗai ke zaɓen ta. Saboda haka a sassauta kiran tsarin mulkin jama'a: kowa na da bakin magana, muddin ya iya Turanci kuma yana da lokacin bin doguwar muhawara, amma ƙuri'a ta ƴan kaɗan ce.

Duk da haka, hukuncinsu ya taɓa mu. PEP 3131 ta 2007 ta ba da damar rubuta sunaye da haruffan da ba na Turanci ba, don haka tun Python 3.0 ana iya amfani da ɓ, ɗ da ƙ. Abin ban sha'awa, kalmar ƴaƴa yadda ake rubuta ta a Nijar tana shiga a matsayin suna, domin ƴ cikakken harafi ne. Rubutun Najeriya kuwa, mai ɗauke da waƙafin sama, ba ya shiga, domin Python na ɗaukar alamar a matsayin buɗe zance.

Wannan bambancin rubutu ya fito ne daga hukunce-hukuncen masana da hukumomi, irin taron Bamako na 1966 da dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999. Ɗalibi na iya haddace sakamakon cikin yini guda. Abin da ya fi buƙata wajen nazari shi ne hujjar ɓangaren da bai yi rinjaye ba, kuma irin ta ce kwamitocin ƙirƙirar kalmomi ya kamata su riƙa bugawa gefe da gefe da kalmar da suka zaɓa.