Zuwa Ga Matuƙan Jirgin Sama: “Alhaji Ya Ce” Ba Ya Cikin Kayan Da Ake Sayarwa

Kafinsoli, Ƙaramar Hukumar Kankiya, Jihar Katsina

Ƙannena da 'ya'yana matuƙa,

Ni ba matuƙi ba ne. Makanike ne, ko injiniya in kuna son ku girmama ni, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin fiffike da tocila a hannu, yana sa hannu a takarda kafin ku tayar da inji. Yanzu na dawo gida ina noman gero da gyaɗa. In ƙugin jirgi ya ratsa samanmu nakan dafa ƙotar fartanya in ɗaga kai, har jikokina suna yi mini tsiya wai na fi yara son kallon jirgi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro daga ɓangaren Kusada da ya zo gaishe ni bayan sallah. Ya yi karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda take nan tun 1964, ya kuma samu kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a wani kamfani. Na ce ya nuna mini takardar ɗaukarsa aiki. Shafi ɗaya ce. Babu maganar garatuti, babu ranar da zai hau layin zama kyaftin, babu abin da zai faru da shi in kamfanin ya koma hannun wani. Da na tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce, “Ai Baba, Alhaji da bakinsa ya ce ba zan yi kuka ba.”

Na san wannan maganar. Ni ma an taɓa faɗa mini ita, kuma wanda ya faɗa ba maƙaryaci ba ne, Allah ya jiƙansa. Amma wata safiya na isa bakin aiki na tarar da baƙin masu gadi, aka miƙo mana sababbin takardu wai mu sa hannu a matsayin sababbin ma'aikata, har da watannin gwaji, ni da na shekara goma sha a wurin. Da na kawo zancen alkawarin da aka yi mini, sai sabon manajan ya ce in nuna masa inda aka rubuta. Bai yi mini rashin kunya ba. Gaskiya ya faɗa: jirage ya saya, da lasisi, da gurbin sauka da tashi. Bai sayi bakin wani ba.

Ku dubi yadda harkar take a Arewa. Kusan duk kamfanonin da muka sani mutum ɗaya ne ginshiƙinsu. Kabo Air ta Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ce, Jarman Kano, wanda ya rasu a 2002, kamfanin da manyan jiragensa suka shekara da shekaru suna kai alhazai Jidda. Chanchangi ta Alhaji Ahmadu Chanchangi ce a Kaduna, IRS ta gidan Isyaku Rabi'u a Kano. Yau ina jiragensu a sararin sama? Bayansu aka samu Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal na nan Katsina, da Azman da Rano a Kano, Allah ya ƙara musu albarka, don ba ƙaramin rufin asiri suka yi wa yaranmu ba. Ba aibata kowa nake yi ba. Abin da nake nufi shi ne, kamfanin da ke tsaye kan mutum ɗaya yana iya sauya hannu ta hanya uku: a sayar da shi, a gaje shi, ko mai bin bashi ya karɓe shi. Ko ta wacce hanya aka bi, wanda ya yi maka alkawari da baki ba shi ne za ka tarar a kujerar ba.

Wanda yake son ganin yadda ciniki ke cin ma'aikaci, ya tuna Virgin Nigeria. Ta fara tashi a 2005 da hannun jarin Virgin Atlantic ta Ingila, matuƙa da yawa suka bar inda suke suka ruga can saboda suna da tsari. Turawan suka janye, a 2009 aka sauya mata suna zuwa Nigerian Eagle, a 2010 Jimoh Ibrahim ya saye ta ya raɗa mata Air Nigeria. A tsakiyar 2012 matuƙa da injiniyoyi suka shiga yajin aiki, hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta dakatar da jiragenta don bincike, zuwa watan Satumba aka rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka koma gida. Suna uku cikin shekara bakwai. Matuƙin da ya shiga a 2005 yana zaton Turawan Landan zai yi wa aiki har ya yi ritaya, shi ne dai ya fito a 2012 yana neman wanda zai kai wa ƙara.

Sai kuma hanyar bashi. A 2016 hukumar AMCON, wadda aka kafa don karɓar rubabbun basussukan bankuna, ta karɓe Aero Contractors, kamfanin da ya girme wa 'yancin kan Nijeriya. A Fabrairun 2017 ta karɓe Arik, wadda a lokacin ta fi kowa yawan jirage a ƙasar nan. Ku fahimci aikin mai riƙon da ake naɗawa a irin wannan hali: an turo shi ne ya kwato kuɗin masu bin bashi, ba don ya cika alkawuran tsohon mai gida ba. Aero ta rage ma'aikata masu ɗimbin yawa a 2017, aka yi ta jan ƙafa kan haƙƙinsu. Arik ta sallami mutum 300 a Disambar 2020. Ko gwamnati ma ba ta tsira ba: Nigeria Airways ta daina tashi a 2003, amma sai a 2018 aka amince da sakin naira biliyan 22 da 'yan kai, rabin abin da tsofaffin ma'aikatanta ke bi. Da yawa daga cikin waɗanda na sani an kai su makwanci kafin kuɗin su iso.

Kada ku ce ai akwai doka. Akwai, amma ku karanta ta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a fara da wanda ya zo ƙarshe, a zauna a daidaita kan kuɗin sallama. Sai dai a wurin da ta fassara wane ne “ma'aikaci”, ta cire wanda ke aiki a cikin jirgin ruwa ko jirgin sama da dokokin sufuri ke kula da su. Wato rigar da aka ɗinka wa leburan masaƙa ba lallai ta shige ku ba. A Ingila akwai dokar da ta ce in an sayar da kamfani, ma'aikata na bin sa da sharuɗɗansu da shekarunsu. Mu ba mu da irinta. Saboda haka ranar da za ku tsaya gaban alƙalin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, abin da zai nema shi ne takardar ɗaukarku aiki da yarjejeniyar da ƙungiyarku ta sa wa hannu tare da kamfani. In shafi ɗaya ce, to shafi ɗaya za a karanta muku.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato layi.

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota a Kankiya ya san layi. Motar da ta riga zuwa ita ke lodi, 'yan kamasho na riƙe da littafi, wanda ya tsallake layi kuwa ranar sai an ji kansu. To ku ɗauka an rufe wata tasha an haɗe direbobinta da na wannan. Wa zai fara lodi? Direban da ya shekara ashirin a tsohuwar tashar zai koma bayan yaron da ya zo nan jiya? Haka aikinku yake. Layi ne ke cewa wa zai koma kujerar hagu ta kyaftin, wa zai hau babban jirgi, wa zai yi hutu da sallah, kuma wa za a fara sallama in abinci ya yi kaɗan.

Amurkawa sun sha wannan ɗacin har ya zame musu darasi. A 2001 American Airlines ta sayi TWA, aka kwashi matuƙan TWA fiye da dubu aka liƙa sunayensu a can ƙasan layi. Watanni kaɗan bayan cinikin aka kai harin 11 ga Satumba, kasuwa ta faɗi, aka fara sallama daga ƙasa. Kun san su wa abin ya ci. Sai da majalisarsu ta yi doka a 2007 cewa in kamfanoni biyu suka haɗe, a haɗa layin ma'aikatansu bisa adalci. Misali na biyu ya fi ban takaici, don matuƙa ne suka cinye junansu. A 2005 America West da US Airways suka haɗe. Mai sulhun da aka naɗa, George Nicolau, ya fitar da sabon layi a 2007, matuƙan tsohuwar US Airways suka ce an zalunce su. Da yake sun fi yawa, a 2008 suka kaɗa ƙuri'a suka fice daga ƙungiyar ALPA suka kafa tasu. Aka shiga kotu, shekara na bin shekara. Jirage fenti ɗaya, matuƙa gida biyu, kuma duk tsawon rigimar babu sabuwar yarjejeniyar albashi. Kamfani bai yi asarar komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa da hannunsu suka tsaga nasu.

Mu a nan ko rubutaccen layin ma ba kowane kamfani ke da shi ba. Sau da yawa hawa kujerar hagu na bin ra'ayin shugaban matuƙa ne ko kusanci da mai gida. Yau abin na iya yi maka daɗi in kai ne ɗan lele. Ranar da aka sauya mai gida, sabon zai zo da nasa 'yan lelen. Don haka ku nemi a rubuta layi tun ana zaman lafiya, da ranar da kowa ya fara aiki, a kafe inda kowa zai gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasunku ke cewa game da NAAPE, ƙungiyar da ta haɗa ku da mu injiniyoyi. Wai shugabanni na Legas ne, wai ba a ganinsu sai an zo karɓar kuɗin wata, wai shiga ƙungiya butulci ne ga wanda ya biya maka kuɗin horo. Akwai ƙamshin gaskiya a na farko da na biyu, ni ma na sha yin faɗa da su a taro. Na ukun ne ban yarda da shi ba. Kunya ado ce a gaban surukai, amma ba a kai ta wurin ciniki. Wanda ya je kasuwar Charanci sayen sa yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora a gaban mai shi, a kira shaidu, kuma babu wanda ya ce ya ci mutuncin kowa. A Agustan 2020, lokacin korona, Air Peace ta sallami matuƙa kusan 70, Bristow ta sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100. Wanda ke da ƙungiya ya samu mai zama a teburi a madadinsa, ko da abin da aka samo bai kai yadda ake so ba. Wanda ba shi da ita, waya kawai ya riƙe yana jiran a ɗauka.

Sai dai kada ku ɗauka yajin aiki ne maganin komai. Dokar sufurin jiragen sama ta 2022 ta sa ayyukan tashi da sauka cikin ayyukan da ba a son a tsayar, ƙungiyoyi suka yi ta zanga-zanga a kai. Kamfanin da ke numfashi sama-sama kuwa, yajin mako biyu na iya ƙarasa shi, kowa ya rasa. Ƙarfinku na gaske yana gabanin a sa hannu a ciniki, lokacin da mai saye ke buƙatar matuƙa masu lasisi a raye don jiragensa su tashi washegari. A nan ne za ku zauna, kyaftin da mataimaki, ɗan ƙasa da baƙon da ake biya da dala, ku da injiniyoyi da 'yan NUATE masu ɗaukar kaya da sayar da tikiti, ku nemi a rubuta wa zai biya bashin albashi da garatuti, tsoho ko sabo, da yadda za a lissafa shekarun kowa. In aka kira kyaftin-kyaftin su kaɗai zuwa otal aka yi musu tayi na musamman, ku sani an fara auna kaurin bangon ne.

Kuma ku tuna sana'arku ba kamar ta tela ba ce da zai rufe shago shekara ɗaya ya dawo ya taka keke. In ka kwana 90 ba ka yi tashi uku da sauka uku ba, ba ka ɗaukar fasinja. Gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida ne, mafi yawa a ƙasashen waje, da dala. Takardar likita ma tana da ranar mutuwa. Matuƙin da ya zauna shekara guda yana jiran a sasanta, sai ya sayar da fili kafin ya sake zama abin ɗauka. Masu saye sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa ba sa gaggawa. Ku ajiye kuɗin gwaji ɗaya a gefe, kada ku taɓa shi ko da bikin ƙanwa ya taso. Wanda kuma aka ɗaure shi da yarjejeniyar biyan kuɗin horo, ya duba ko an rubuta cewa igiyar ta kwance in kamfani ya daina biyan albashi ko ya sauya hannu.

Abu ɗaya zan roƙe ku a matsayina na wanda ya riƙe sifana. Watannin da kamfani ke tsakanin hannu biyu su ne mafi haɗari. Tsoho ya daina sayen kayan gyara, sabo bai fara ba, kowa na tsoron a sa sunansa cikin masu taurin kai. A irin lokacin ne ake cewa makanike ya ɗaga ƙafa, a ce wa matuƙi ai Abuja ce kawai, minti hamsin. In injiniya ya ƙi sa hannu, kada ku hau sama ku kai ƙararsa. Ku tsaya bayansa, ku rubuta matsalar a littafin jirgi da hannunku.

Shi kuwa yaron Kusada, kafin ya tafi na sa ya buɗe wayarsa muka duba asusun fanshonsa, don dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10, a cire kashi 8 daga albashinsa. Na ce ya riƙa dubawa duk wata, ya ɗauki hoton kowane shafi na littafin awanninsa bayan an buga masa hatimi, ya ajiye kwafi a gida wurin mahaifiyarsa. Ya ce zai nemi a sake masa takarda, amma yana jin nauyin Alhaji. Na ce ya je da gaisuwa, ya durƙusa yadda aka koya masa, sannan ya miƙa takardar. Ya yi alkawarin dawowa da kaka ya nuna mini, na ce ya taho da buhu don gyaɗar bana ta yi kyau.

Wassalam.

Naku,
Tsohon makaniken jirgi, Kafinsoli