Taswirar ruwan sama: a zana ta don ɗan kasuwa ma

Kowace shekara kafin damana ta faɗi, masana yanayi na ƙasashen Afirka ta yamma suna zama su fitar da hasashen ruwan da za a samu. Tun 1998 ake wannan zama, kuma cibiyar Agrhymet da cibiyar ACMAD, duka a Yamai, su ne kan gaba. Sakamakon yana fitowa a taswira mai launi iri iri, wadda yanzu takan iso salular ɗan kasuwa ta WhatsApp tun kafin mu karanta ta a rediyo.

Masu zana taswirar nan suna aiki mai wuya, mun yaba. Amma a ganinmu aikinsu bai kammala ba sai mai sayen hatsi a Ɗan Isa, ko Jibiya, ko Ƙonni, ko Illela ya duba ya gane abin da aka faɗa masa.

A kan kowane yanki na taswirar ana sa lambobi uku, misali 45, 35, 20. Ma'anarsu ita ce: kashi 45 cikin 100 ana sa ran ruwa ya wuce yadda aka saba, kashi 35 ya zo daidai, kashi 20 ya gaza. Ko ba a yi hasashe ba, kowane ɗaya cikin ukun yana da kusan kashi 33. Ke nan 45 rinjaye ne kawai. Amma ido yana tsayawa a kan launi. Wanda ya ga tsanwa sai ya ce damana ta yi kyau, ya zubar da hatsin da ya ajiye da araha. Wanda ya ga ja sai ya rufe sito, tiya ta hau, talaka ya sha wuya. Waɗanda suka ga tsadar 2005 a Maraɗi sun san abin da tsoro yake yi wa farashi.

Kuma ruwa mai yawa ba kullum yake nufin alheri ba. A 2024 an yi hasashen ruwa zai wuce na kullum a Sahel, kuma haka aka yi: ambaliya ta yi ɓarna a jihar Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, hanyoyin shiga Yamai suka yanke. Mai mota ɗauke da albasa yana bukatar sanin wannan kamar yadda manomi yake bukata.

Don haka muna roƙon masu zane abubuwa kaɗan. Su rubuta sunayen garuruwa da kasuwanni, domin mutum da garinsu yake gane taswira. Su buga kwanan wata da manyan baƙaƙe, don kada hoton bara ya riƙa yawo ana cewa na bana ne. Su tsaya a kan launi guda mai ma'ana guda, domin ja a wata taswira zafi ne, a wata kuma ruwa mai ƙarfi. Su fassara milimita: milimita 1 lita ɗaya ce ta ruwa a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Su kuma fito da lokacin shuka da tsawon kwanakin ɗaukewar ruwa a sarari, tunda Agrhymet tana bayar da su, kuma su ne suka fi taɓa farashin buhu.

Sai batun iyaka. Taswirar ma'aikatar meteyo ta Nijar takan tsaya a bakin iyaka, ta NiMet ta Najeriya ma haka, alhali hadarin da ya taso daga gabas ba ya tsayawa a duwan. Kasuwarmu ɗaya ce, a ba mu hoto ɗaya.

Taswirar nan da ake taɓawa da yatsa tana buɗewa tana da kyau ga mai intanet mai ƙarfi. Mu a nan hoto mara nauyi da saƙon murya na minti ɗaya da Hausa sun fi mana amfani. Ƙofar gidajen rediyonmu a buɗe take: mai zane ya zo ya zauna da mai gabatar da shiri, in bayanin taswira ya gagara faɗa da baki, a koma a sake zana ta.

Ku kuma ƴan kasuwa, kafin ku saya ko ku sayar saboda hoton salula, ku duba kwanan wata, ku duba wa ya fitar da shi, ku tambayi lambobin nan uku. Allah ya ba mu damana mai albarka.