Mu Kai Yaranmu Fatsa Da Kanmu

 

A hutun da ya wuce uwargida tana wanki, sai wani abu ya soke ta a yatsa. Da ta zazzage aljihun wandon ɗanmu mai shekara 12, sai ga ƙugiya da ɗan zare a naɗe jikin tsinke. Ashe ya yi makonni yana bin abokansa zuwa wani kududdufi a bayan unguwa, mu kuwa muna zaton ƙwallo yake zuwa. Uwargida ta ce, "Malam, yau sai ka tsula masa bulala." Ba mu ga laifinta ba. Mu ma gabanmu ya faɗi, gama shekarun baya mun taɓa kiran suna a aji ran Litinin, wani yaro bai amsa ba. Ran Asabar ruwan kududdufi ya ci shi. Har ƙarshen zangon ba wanda ya yarda ya zauna a gurbinsa.

Amma mun daɗe muna koyarwa, mun kuwa ga cewa bulala ba ta raba yaro da ruwa, sai dai ta koya masa ɓoyewa. Yaron da ke zuwa ruwa a ɓoye shi ne wanda ba mai jin kukansa. Saboda haka muka kira shi muka ce, "Daga yau ba za ka je ruwa kai kaɗai ba. In za a je, tare za mu." Ya dube mu ya ce, "Baba, ai kai ba ka iya ba." Gaskiya ya faɗa. Mu ba 'yan su ba ne, ba mu taɓa sa koto a ƙugiya ba. Dole muka koma ɗalibai, ga kuma abin da muka koya.

Kifin Cikin Waya

Abin da ya fara jan hankalin yaron, hotuna ne da ya gani a wayar wani, na Turawa rungume da wani ƙaton kifi mai manyan ɓawo. Sunansa kaf. Asalinsa daga Turai da Asiya ne, mutanen Sin kuma sun daɗe ƙwarai suna kiwonsa a tafkuna. Yana da gashin baki guda 4, ba shi da haƙora a baki, sai a maƙogwaro. A ƙasan ruwa yake kiwo, yana tonon laka. A Turai an kama waɗanda suka wuce kilo 40. An kawo shi Nijeriya a shekarun 1950, aka zuba a gonar kifi ta Panyam da ke ƙasar Mangu a Jihar Filato, inda akwai sanyi. A Ostareliya kuwa ya zama annoba, yana dama ruwa yana ɓata wa kifayen ƙasar mazauni. Wannan ya isa gargaɗi: kada kowa ya ɗauko baƙon kifi ya zuba a dam ɗin jama'a.

Muka gaya wa yaron kada ya sa rai da kaf a ruwayenmu na Katsina. Abin da mafari zai fi gamuwa da shi a nan, karfasa ce da tarwaɗa. Amma dabarar masu kamun kaf tana da amfani ko'ina: a zaɓi wuri guda, a watsa wa kifi abinci ya saba, sa'an nan a zauna shiru a jira.

Ina Za A Je?

Dam ɗin da ya fi kusa da birni shi ne na Ajiwa, a ƙasar Ɓatagarawa, wanda aka gina a shekarun 1970 domin ba Katsina ruwan sha. Akwai na Zoɓe kusa da Dutsin-Ma, wanda aka gama a 1983, da na Jibiya a kan kogin Gada, da na Mairuwa wajen Funtuwa. Duka mun san halin tsaro da waɗansu sassan jiharmu suka sha a 'yan shekarun nan. Kada a kama hanya sai an tambayi mutanen wurin, a tafi da rana, a komo da rana.

Kowane ruwa da masu shi. In an isa, a fara gai da masunta, a tambayi Sarkin Ruwa ko wakilinsa, da ma'aikatan da ke lura da dam ɗin, a ji inda aka yarda a zauna. Mu da muka yi haka sai Allah ya haɗa mu da wani dattijo yana gyaran kalli a gindin itace. Ya dubi ƙatuwar ƙugiyar da muka sayo ya yi dariya, ya ce, "Malam, giwan ruwa ka zo kamawa? Bakin karfasa bai kai ɗan yatsan yaron nan ba."

Kayan Aiki

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Ga abin da ake bukata:

1. Sandar gora siririya, mai tsawon kamar mita 3.
2. Zaren nailan, daidai tsawon sandar.
3. Ƙananan ƙugiyoyi. A lura, yadda lambar ƙugiya ke hawa haka girmanta ke raguwa: lamba 10 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Lamba 10 ko 12 ta isa karfasa.
4. Ɗan guntun darma, a matse shi kamar taƙi guda sama da ƙugiya.
5. Guntun totuwar kara, a ɗaura a zare ya riƙa yawo bisa ruwa. Shi ne zai ba da labarin abin da ke faruwa a ƙasa.
6. Bokiti, da hula, da ruwan sha daga gida.

Koto kuwa yana nan a gidajenmu. Tana ta fi kome, ana samunta a wuri mai laima kusa da randa ko lambu. Karfasa na cin ƙullin gari da aka cuɗa da ɗan ƙuliƙuli. Tarwaɗa na son abu mai ƙarni, kamar hanjin kaza, tana kuma son fara da shinge. Masu kamun kaf sukan yi amfani da dafaffiyar masara. Kafin a jefa ƙugiya, a dunƙula dusa da ruwa kamar curin fura, a jefa biyu ko uku a wuri guda.

Zama Da Jira

Kifi ya fi ci da sassafe zuwa hantsi, da kuma la'asar sakaliya. Da tsakar rana yakan koma zurfi, in kuma hunturu ya tsananta cinsa yakan ragu. A nemi gefen ciyawa ko inda itace ya faɗa ruwa. Kada inuwar mutum ta faɗa bisa wurin, kada a buga ƙafa a gaɓa. Ba banza Bahaushe ya ce kifi na ganinka, mai jar koma ba.

In totuwa ta soma rawa, kada a yi gaggawa, kifi na ɗanɗanawa ne. Sai ta nutse ko ta kama tafiya gefe, sa'an nan a ɗaga sanda da ɗan sauri, ba da ƙarfi ba. Ranar farko mu muka riƙa fizga kamar mai korar akuya, muka komo da bokiti wayam. Zuwa na uku ne yaron ya ciro karfasa 4, mu muka ciro 1. Har yau ba a bar ba mu labarin ba a gida.

A yi hankali da tarwaɗa, tana da ƙaya mai kaifi a fiffiken kowane gefe. A riƙe ta ta bayan kai da tsumma.

Dokokin Gidanmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, yara kuwa suna da yawa a cikinsu. Don haka muka kafa dokoki, muka rubuta a bayan ƙofa.

Ta fari, ba yaron da zai je ruwa ba babba.

Ta biyu, ba shiga ruwa, ko da ƙugiya ta maƙale. A tsinke zaren, ƙugiya ba ta kai rai ba. Da bazara, in dam ya ja baya, lakar gaɓa takan riƙe ƙafa. Kududdufin da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini kuwa, taku ɗaya ne tsakanin idon sawu da inda zai shanye mutum.

Ta uku ta shafi tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, ta huda fata ta shiga jini. Waɗansu suna ɗauka fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, in an bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda. Yana da magani, sunansa Praziquantel. Mun kai namu asibiti an auna shi tun a makon da aka ga ƙugiyar nan.

Ta huɗu, in hadari ya taso ana walƙiya, a ajiye sanda a bar bakin ruwa.

Ta biyar, a mai da ƙananan kifi. Uwar karfasa a bakinta take renon ƙwanta, in an kama mai ƙwai a baki a sake ta. Zuba guba irin su Gamalin a ruwa kuwa mugunta ce, dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana, balle a ruwan da gari guda ke sha.

Ribar Da Ba Ta Shiga Bokiti

Kifin da muka kamo duka bai biya kuɗin mota ba. Amma a zaman jiran nan yaron ya faɗa mana abubuwan da bai taɓa faɗa a gida ba: wanda ke cin zalinsa a makaranta, da darasin da ke ba shi tsoro. Ba mu tambaye shi ba, shirun bakin ruwa ne ya buɗe masa baki. Yanzu abokansa biyu suna binmu, da yardar iyayensu, ƙanwarsa ma ta ce ba za a bar ta a baya ba.

Iyaye, a duba aljihun yara. In an ga ƙugiya, kafin a nemi bulala a nemi sandar gora guda biyu.