Gani ya daina korar ji

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A kan wannan karin magana ne aka gina wani sabon reshe na kasuwancin ƙasarmu, tun lokacin da salula mai ɗaukar hoto ta shiga aljihun kowa. Alhaji yana zaune a Maraɗi zai sayi mota a Lome, ƙafarsa ba ta taka bakin teku ba. Ma'aikaci a Yamai zai zaɓi ragon layya a wani ƙauye na jahar Tawa. Uwargida a Damagaram za ta baje turamen atamfa da shadda a WhatsApp, masu so su aiko da kuɗi, kaya su bi motar safe. Abin da kakanninmu suke kira cinikin biri a sama ya zama cinikin yau da kullum, kuma hoto ne ya sauko da birin ƙasa. To, jama'a masu karatu, wannan mai shaida da muka amince da shi ya soma karɓar toshiyar baki.

Gyaran hoto ba yau aka fara shi ba. A Bamako, cikin shekarun 1950, Seydou Keïta yakan ajiye rediyo da agogo da alƙalami, har da babur, domin wanda ya zo ɗaukar hoto ya ara ya yi ado da su. Manyanmu na nan ma suna tune da labulen masu hoto, wanda aka zana bene ko jirgin sama a kai. Ba wanda aka cuta, domin kowa ya san labule labule ne. Masu mulki kuwa nasu gyaran ya fi muni: a Tarayyar Sobiyet, bayan da aka kashe Nikolai Yezhov a 1940, sai aka share shi daga hoton da ya ɗauka tare da Stalin a bakin ruwa, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalolin Masar kusa da juna don kawai su shiga bangonta. Photoshop ya fito a 1990. Amma duk wannan aiki ne na gwanaye, mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa mai ƙaramin jari bai taɓa shiga cikinsa ba.

Abin da ya sake lissafin shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci suke taƙaita sunanta IA. A 2021 kamfanin Google ya sa wa salularsa Pixel 6 wata dabara ta share mutum ko kaya daga hoto da shafar yatsa. A 2023 kamfanin Adobe ya ƙara wa Photoshop wata wadda za ka rubuta mata abin da kake so, ta zana shi cikin hoton. Yau irin waɗannan manhajoji sun cika salulolin ƴaƴanmu, da yawansu kyauta.

Ya kamata mu fahimci yadda suke aiki, domin nan ne gizo ke saƙa. Mai gyaran hoto na dā, abin da ke cikin hoton yake taɓawa: ya ƙara haske, ya rage duhu, ya yanke gefe. Ita kuwa wannan na'ura an nuna mata miliyoyin hotuna har ta haddace yadda abubuwa suka saba kasancewa. Idan ta tarar da wuri mai dishi-dishi, ba ta da hanyar sanin abin da ke wurin da gaske. Sai ta cike shi da abin da ya fi yawa a cikin hotunan da ta sani. Zato take yi, amma zato mai kyan gani. A 2020 wani ya ba wata irin wannan na'ura hoton Barack Obama wanda aka dusashe, ya nemi ta fito da shi sarai. Sai ga fuskar wani Bature ta fito, domin fararen fuskoki ne suka fi yawa cikin abin da aka koya mata. Na'urar da ta kasa gane tsohon shugaban Amurka, ita ce muke ba zanen atamfarmu da fatar ragonmu.

Kada a ce ina adawa da abin gaba ɗaya. Telan da shagonsa ba taga, ko matar da ke saida turaren wuta daga cikin ɗakinta da tsohuwar salula, sun samu abin da a dā sai manyan kantuna suke da shi. Su cire tarkacen da ke bayan kaya, su gyara haske, su daidaita hoton da ya karkace: wannan bai wuce mai tumatir ya yayyafa ruwa ya jera kashi ba, kuma ban san malamin da ya hana shi ba. Kasuwa ba ta son ƙazami.

Matsalar tana farawa ne inda gyara ya bar bango ya hau kan hajar kanta. Tsatsar da ke ƙarƙashin ƙofar mota ta ɓace. Shadda mai araha ta ɗauki ƙyallin mai tsada. Rago ramamme ya cika haƙarƙari, alhali kowa ya san dabbar da ta rame ƙwarai, da gurguwa, da mai ido ɗaya, da marar lafiya ba sa layya. Ka ga a nan ba kuɗin mutum kaɗai aka taɓa ba, har da ibadarsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ba dole sai mai kaya ya yi niyyar cuta ba. Ya isa ya danna wurin da aka rubuta a kyautata hoto. Na'ura ta sake zana furannin atamfa yadda ta ga dama, ta mai da jan da ya koɗe ja wur, shi kuwa ya aika yana murna. Sai ranar da turame talatin na ankon biki suka sauka a tasha, uwar amarya ta kwance ɗauri, sannan rigima ta tashi tsakanin mutane biyu da kowanensu zai iya rantsuwa bai yi ƙarya ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan irin wannan ciniki. Sun halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa: in ya iso kamar yadda aka siffanta, ciniki ya ɗauru, in ya saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. A zamaninmu hoto shi ne siffar. Saboda haka, a ganina, wanda ya aika hoton da na'ura ta taɓa jikin hajar, shi ne ya siffanta, kuma shi zai ɗauki asarar kuɗin mota zuwa da dawowa. Ba zai fake da cewa salula ce ta yi ba, kamar yadda mai mudu ba ya cewa mudun ne ya tauye.

Ƴan'uwana ma'aikata, ku ma abin ya shafe ku, wataƙila ma fiye da ƴan kasuwa. Rahoton kammala aiki nawa ne ke ratsa biro-biro da hotuna manne a baya: aji uku an rufa, rijiya an gina, magudanar ruwa an gyara? Sau da yawa hoton ne ke sa darakta ya sa hannu a biya ɗan kwangila, domin ba man fetur na zuwa dubawa. Yanzu tsagewar bango da yatsa ake share ta, kuma ginin da ya tsaya a taga yana iya samun rufin kwano kafin a gama shan shayi. Wanda ya sa hannu a kan irin wannan takarda, sunansa ne za a nema ranar da masu bincike suka zo, ba sunan manhaja ba. Haka batun hotunan katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun jarrabawa. Manhajojin kwalliya suna haska fata, suna siranta hanci, kuma suna iya ɗaukar zanen gado da ke kuncin Bagobiri a matsayin tabo su goge. Mutum ya je iyaka da fuskar da ba tasa ba.

Mu ƴan jarida ma ba mu tsira ba, domin hoton shafin farko shi ke saida jarida, kuma shi ya fi jan hannu zuwa ga gyara. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar masa hoto saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut da aka yi wa ruwan bama-bamai, ya kuma janye dukan hotunansa. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin labarai, har da AFP, suka janye hoton Gimbiya Kate ta Ingila da ƴaƴanta, wanda fada ce da kanta ta fitar, don sun ga alamun an taɓa shi. In har an mayar wa gidan sarautar Ingila da hotonsa, ban ga dalilin da zai sa jaridunmu su buga taron siyasar da aka ninka jama'arsa ba tare da tambaya ba.

A Faransa, tun daga ranar 1 ga Oktoba 2017, doka ta tilasta a rubuta cewa an gyara hoto a duk tallar da aka sake siffar jikin mai tallar, wanda ya ƙi kuwa tararsa tana iya kai Yuro 37.500, wato sama da miliyan 24 na sefa. Ba na jin sai mun jira irin wannan doka. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna iya yarda a tsakaninsu cewa duk hoton kwalliya zai tafi tare da na asali, wanda aka ɗauka da rana a fili, kuma wanda ya ƙi aika na biyun a san da wa ake ciniki. Ofisoshi kuma su daina karɓar hoto a madadin ziyara, ko da za a zaɓi aiki ɗaya cikin biyar ne a je a taɓa bangonsa da hannu.

Ga mai sayen rago daga nesa kuwa, ko bidiyon da aka aiko kada ya wadatar da kai, domin na'urar ta soma haɗa shi ma. Ka kira dillali kai tsaye kuna ganin juna, ka sa a kora ragon ya yi tafiya, a juya maka shi dama da hagu, sannan a buɗe bakinsa ka ƙirga haƙora kafin ka nufi gidan aika kuɗi.