Taurin Kai Ba Taƙawa Ba Ne

Akwai wata magana da ta yaɗu a majalisunmu har ta kusa zama ijma'i, wato wai duk wanda ya ƙi sauyi a cikin addininsa, kowane addini ne kuwa, shi ne mai gaskiya, wanda ya sassauta kuma duniya yake nema. Na sake jin ta kwanan baya a Gidigir, a rumfar wani mai shayi da ke bakin kwaltar da ta taso daga Damagaram ta nufi Gure, inda wani tsohon mushen lakwal, mutum mai karatu da ladabi, ya ɗora kofinsa a kan buhun kanwa ya ce da ni: "Malam, da a ce Nasara duka irin Lefebvre ne, da na girmama su, don shi ne ya ƙi bidi'a, ya tsaya a kan abin da ya gāda." Mutanen rumfar suka gyaɗa kai, alhali kuwa galibinsu ba su taɓa jin sunan ba sai ran nan.

To, ya kamata a san wanda ake yabo. An haifi Marcel Lefebvre a 1905 a arewacin Faransa, ya yi shekara goma sha uku yana aikin mishan a Gabon, aka kai shi Dakar a 1947, kana daga 1948 zuwa 1959 ya zama wakilin Fafaroma a ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Faransa, har da tamu Nijar. Ba na tauye masa haƙƙi: mutum ne mai himma, ya gina makarantu, kuma Hyacinthe Thiandoum, ɗan Senegal ɗin da ya naɗa limamin coci da hannunsa, wanda ya gaje shi a Dakar a 1962, bai daina ganin girmansa ba.

Amma wace ce bidi'ar da ya ƙi? Masu yabonsa sukan ce ya ƙi a bar yin ibada da harshen Latin, kamar yadda mu ma ba za mu yarda a yi salla da Hausa ba, kuma wannan ƙiyasi yana da daɗin ji, sai dai ya rufe babban al'amari da ƙarami. A babban taron da bishof-bishof na duniya suka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965, sun fitar da takarda ranar 28 ga Oktoba 1965 wadda a cikinta cocin Katolika, bayan ƙarnuka na gaba da yaƙe-yaƙe, ta furta cewa tana duban Musulmi da mutunci, domin suna bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Annabi Isa da Nana Maryamu, suna salla da sadaka da azumi. A watan Disamba kuma suka zartar cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Wannan ruhi shi ne abin da Lefebvre ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Tun a 1959 ya yi rubutu yana danganta Musuluncin Afirka da haɗarin kwaminisanci, abin da bai yi wa Senghor na Senegal daɗi ba, shi da yake Kirista ne mai jagorancin al'ummar Musulmi. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya tara shugabannin addinai a Assisi a 1986 don addu'ar zaman lafiya, da Musulmi a cikinsu, sai ya ɗauke shi abin kunya. A ƙarshen ransa ma sai da kotun Faransa ta ci shi tarar faran 5,000 saboda kalaman ɓatanci ga Musulmin da ke zaune can. Ashe mushe, Allah Ya ba shi haƙuri, yana yabon takobin da aka wasa don wuyansa ne.

Sa'an nan ga batun ɗa'a, wanda a nan ne hujjar masu yabo take rushewa gaba ɗaya. Asalin aƙidar da yake da'awar karewa shi ne biyayya ga Fafaroma, amma da ya kafa ƙungiyarsa a Écône ta ƙasar Suwizalan a 1970, sai ya ci gaba da naɗa limamai har aka dakatar da shi a 1976; ya sa hannu a kan sulhu da Batikan ta hannun Kadinal Ratzinger ranar 5 ga Mayu 1988, kashegari ya janye, ranar 30 ga Yuni ya naɗa bishof huɗu ba da izini ba, aka fitar da shi daga jama'a, ya mutu a haka a 1991. Ɗaya daga cikin huɗun, Williamson, ya yi ta ɓaram-ɓarama har ƙungiyar da kanta ta kore shi a 2012. Duk ɗalibin da ya karanta tarihi ya san wannan hali, domin Hawarijawa ma ba ƙarancin ibada ne aibinsu ba, sun fi kowa tsayuwar dare, abin da ya halaka su shi ne ganin cewa su kaɗai suka fahimci nassi, har suka fita daga mubaya'ar Sayyidina Ali da sunan kishin Littafi.

Cocin da muke maƙwabtaka da ita a Nijar ba tafarkinsa ta bi ba. Hippolyte Berlier, bishof na farko a Yamai daga 1961, ya zaɓi zama da Musulmi da girmamawa, da makaranta da asibiti, kuma magadan wannan tafarki ne aka cinna wa majami'arsu wuta a Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, saboda zanen da wata jaridar Faris ta yi, jaridar da ita kanta cocin ba ta tsira daga izgilinta ba. Na tuna wa mushe wannan rana, na tambaye shi ko samarin da suka ɗauki fetur ran nan ba su ma masu ƙin sassauci ba ne. Ya daɗe yana juya kofinsa, sa'an nan ya ce da mai shayi ya ƙaro mana zagaye na uku.