Jirgin da Ba a Sa Shi a Kwali Ba

Akwai wata sana'ar hannu da Turawan Ingila suka riƙa da muhimmanci tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda mu a nan muka saba yi wa kallon wasan yara. Mutum zai sayi kwali cike da gutsattsarin roba, ya yi makonni yana haɗa su da gam, yana gogewa, yana shafa fenti, har ɗan ƙaramin jirgin sama ya fito da kamannin na gaske. Ma'aunin da aka fi yi shi ne ɗaya bisa 72, watau kowane inci ɗaya a jikin samfurin yana tsaye ne a madadin ƙafa shida a jikin jirgin ainihi. Wanda ya taɓa fafe kara ya yi mota a ƙuruciya ya san daɗin abin, sai dai shi motar kara ba wanda zai zo da rula ya ce ta gaza da rabin inci.

Ra'ayinmu shi ne wannan aiki ya cancanci ɗalibi ya ba shi lokacinsa, musamman nau'insa mafi wuya, wanda ake haɗa kwali biyu ko uku don a fitar da jirgin da kamfani bai yi ba. Amma muna da sharaɗi guda, kuma jirgin da ake kira Avro Lincoln shi ne zai bayyana mana shi.

Sai mu fara da wansa, Lancaster. Wannan shi ne babban jirgin jefa bom na Ingila a yaƙin Hitila, mai inji huɗu, wanda Roy Chadwick ya tsara. Ya fara tashi a 1941, an kuma ƙera guda 7,377. Kamfanin Airfix ya fitar da kwalinsa tun 1958, wasu kamfanoni suka bi sahu, har ya zama ba abin da ya fi shi sauƙin samu a kantin irin waɗannan kaya. Lincoln kuwa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, domin da farko ma sunansa Lancaster na huɗu. Ya fara tashi ran 9 ga Yuni, 1944, an tanade shi don yaƙar Japan, sai Japan ta miƙa wuya a 1945 kafin ya jefa ko bom ɗaya. An ƙera wajen 600. Airfix ba ta taɓa yin kwalinsa a wannan ma'auni ba, saboda haka mai son Lincoln a kan teburinsa sai ya ɗauki zarto.

Ga yadda magabata a wannan sana'a suka riƙa yi. Faɗin fukafukan Lancaster ƙafa 102 ne, na Lincoln 120. A ma'aunin ɗaya bisa 72, inci 17 ke nan da inci 20, kuma inci uku ba abin da za a cike da foti ba ne. Sai aka tuna cewa jirgin sintirin teku mai suna Shackleton fukafukansa na Lincoln ne aka gada, kamfanin Frog kuma ya yi kwalinsa a shekarun 1960. To, an sami fiffike. Saura gangar jiki: Lincoln ya fi Lancaster tsawo da kusan ƙafa tara, watau inci ɗaya da rabi a samfur, don haka a yanka jikin Lancaster gida biyu, a saka masa guntu daga wani kwalin Lancaster na biyu. Kwali uku sun tafi, aiki kuma bai yi rabi ba. Shackleton ɗin Frog yana da tankunan mai a bakin fukafukai, dole a datse su. Yana tsayawa a kan tayar gaba, alhali Lincoln a kan tayar wutsiya yake zama, dole a sake gidajen tayoyi. Kowane injin Shackleton farfela biyu gare shi, masu juyawa saɓanin juna, na Lincoln guda ɗaya ce. Hancin Lincoln kuma gilasai ne masu kusurwa, ba kamar ƙoƙon gilashin Lancaster ba, wannan sai mutum ya ƙirƙira da hannunsa ko ya nemi ƙananan masu sana'a da ke zuba irin waɗannan sassa.

Abin lura a nan shi ne takardar umarni da ke cikin kwali ta daina amfani tun daga yankan farko. Mai haɗa kwali ɗaya mabiyi ne: an ce masa manna lamba 14 a kan lamba 15, ya manna. Mai haɗa kwali uku ba shi da jagora sai zanen injiniyoyi da tsofaffin hotuna da lissafinsa. Zai tarar da littattafai biyu sun saɓa a kan tsawon jirgi, dole ya yanke hukunci wanne zai bi, ya kuma san dalili, domin roba in an yanka ta yanku. Mu da muke zaune a azuzuwan da ake haddace bayanin malami a mayar masa da shi ranar jarrabawa, bai kamata mu raina aikin da ke tilasta wa mutum ya auna, ya gwada hujja da hujja, kana ya ɗauki alhakin abin da ya yanke ba. Haka ma ɗan'uwanmu da ya fara aikin gwamnati, wanda kullum fayil ke zuwa masa da ra'ayin na gaba da shi a rubuce.

To, amma me ya sa Lancaster ya cika kantuna, Lincoln kuwa babu? Ba mu ce makirci ba ne. Ciniki ne kawai. Lancaster yana da labarin da mai saye ke so. A daren 16 ga Mayu, 1943, jirage 19 na rukuni na 617 suka tashi don fasa madatsun ruwan Jamus, takwas ba su dawo ba, mutum 53 suka mutu, aka yi fim a kan abin a 1955, yaran Ingila suka tashi da shi a baki. Jarumtar waɗannan samari gaskiya ce, kuma rundunar jiragen bom ta Ingila ta rasa mutum fiye da 55,000 a yaƙin. Sai dai hoton da ke bayan kwali ba ya nuna cewa ambaliyar da ta biyo baya ta kashe mutane fiye da dubu, yawancinsu bayin aiki ne da 'yan Nazi suka kwaso daga gabashin Turai, ba kuma ya nuna Dresden, inda wajen mutum 25,000 suka halaka a Fabrairun 1945.

Lincoln ba shi da irin wannan labari mai sayuwa, domin yaƙe-yaƙensa na ƙarshen mulkin mallaka ne. Sojojin saman Ostireliya sun yi shekara takwas, daga 1950 zuwa 1958, suna jefa bom da shi a dazuzzukan Malaya. A Kenya, inda Turawa suka kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba na 1952, jiragen Lincoln na rukuni na 49 sun sauka a filin Eastleigh na Nairobi a ƙarshen 1953, wasu rukunoni suka riƙa karɓar su, ana ruwan bom a dajin Aberdare da na Dutsen Kenya har 1955. Jirgin da aka ƙera don rusa masana'antun babbar daula, shi aka tura a kan mayaƙan Mau Mau, waɗanda da yawansu bindigar ƙirar gida suke riƙe da ita. Adalci ya sa mu faɗi cewa mafi yawan jinin da aka zubar a Kenya a ƙasa aka zubar da shi, a hannun sojoji da 'yan sanda da cikin sansanonin tsare mutane. Ƙididdigar gwamnatin mallaka da kanta ta ce an kashe 'yan Mau Mau fiye da 11,000, an rataye 1,090, a cikinsu har da Dedan Kimathi a 1957, alhali fararen hula Turawa da suka mutu 32 ne. Sai a 2013 gwamnatin Ingila ta nuna nadama a gaban majalisarta, ta biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar tsofaffi 5,228 da aka azabtar.

Wasu daga cikinmu za su ce wannan ma ya isa dalilin ƙaurace wa abin baki ɗaya: don me ɗan Afirka zai ɓata dare yana gyara hancin jirgin da ya jefa wa 'yan'uwansa bom? Tambayar tana da nauyi, ba kuma za mu yi mata dariya ba. Amma mu duba wa ke cin ribar ƙauracewar. Idan muka bar wa wasu, Lincoln zai ci gaba da zama abin da yake a gidan tarihin sojojin sama na Cosford a Ingila, inda guda ɗaya ke ajiye: kyakkyawan jirgi da ya makara bai sami yaƙi ba. Wanda ya haɗa shi da hannunsa kuwa ba shi da hanyar kauce wa tambayar, domin ranar shafa fenti dole ya zaɓi jirgi ɗaya tak, mai lamba ɗaya, na rukuni ɗaya, a shekara ɗaya. Neman wannan lamba zai kai shi ga hoton da aka ɗauka a Eastleigh, hoton kuma zai sa ya tambayi ina jirgin ya nufa da ya tashi.

Nan sharaɗinmu ya shigo. Masu wannan sana'a suna iya yin musu na awa guda a kan ko launin tokar da ke saman Lincoln ya yi duhu ko ya yi haske, amma katin da suke ajiyewa gaban samfurin sau da yawa suna ne da ma'auni kawai. Mu muna neman a yi wa katin irin tsananin da aka yi wa fiffike. Duk ɗalibin da ya kawo Lincoln wurin baje kolin ƙungiya, baƙi a ciki, toka-toka a sama, faɗinsa inci 20 cif, to ya rubuta a ƙasa: rukuni na 49, Eastleigh, 1953, da sunan dajin Aberdare, da ko su wane ne ke cikin dajin.